Fuskarta a Jikin Yashi

Tun da Bayan ta yi wayo, ba ta taɓa ganin mahaifinta ya kulle shago da sauran rana don yawon buɗe ido ba. Alhaji Abdulghaffar mutum ne da ko ranar salla sai ya leƙa kasuwar Bab Makka ya tabbatar bandiran yadinsa ba su yi ƙafa ba. Shi ya sa da ya shigo gidansu na unguwar Ruwais a Jidda bayan la'asar yana cewa a shirya, za a je Kornish, bakin teku, kallon mutum-mutumin yashi, sai ta ajiye kofin shayin da ke hannunta ta zuba masa ido.

"Abuya, ba kai ka ce gumaka ne ba?"

"Har gobe ma haka zan ce," in ji shi, yana gyara zaman hularsa. "Thamer ne ya sayo tikiti, ya kawo mota har ƙofar gida. In kore shi? Yalla, shirya kakarki."

Jin sunan Thamer ya sa gabanta ya faɗi, amma ba irin faɗuwar da masoya ke so ba.

Maza biyu ne ke neman aurenta, kuma duk unguwa an san wanda mahaifinta yake so. Thamer ɗan amininsa ne, haihuwar Jidda kamar ita, sai dai shi kakansa ya yi sa'ar zama ɗan ƙasa tun zamanin da abin bai yi tsauri ba. Ga ofis mai sanyi a tashar jiragen ruwa, ga mota, ga farar riga da ba ta san yamutsewa ba. Su kuwa gidan Abdulghaffar, zuriya ta uku ke nan a garin, amma har yau da iƙama, takardar zaman baƙi, suke zaune, duk lokacin sabuntawa sai an haɗa da addu'a. In Bayan ta auri Thamer, 'ya'yanta sun huta da wannan fargaba. Abin da ke ran Alhaji ke nan, ba ƙiyayya ba.

Ɗayan kuwa Hashim ne, mutumin Zariya, jikan magina masu zanen bango, wanda wani kamfani ya ɗauko don aikin adon gine-gine. Ba shi da kowa a ƙasar sai hannunsa da kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a wurin hukuma. Shi Bayan ke so, kuma ta faɗa da bakinta, don ba yarinya ba ce. Ta yi shekaru tana aiki a kantin magani, ta saba faɗa wa manya abin da ba sa son ji.

Alhaji ba ya tilas. Dabararsa ta fi tilas ciwo, jan rai ce. Ya bari an yi shofa, wato ganin nan na shari'a da ake ba mai neman aure: budurwa ta shigo falo ba niƙabi, ta ajiye tiren lemo, ta ɗan zauna, ta fita. Daga nan ya ce sai ya gama bincike, binciken da aka shafe wata da watanni ana yi. Ba hoto, ba gani na biyu. Waya kawai ya yarda su yi, ita ma sai Sitti Mairo, kakar Bayan, tana zaune a gefe tana barcin ƙarya.

A wayar ne Hashim ya cika mata kunne da zancen yashi. Ya ce ba na bakin teku ake amfani da shi ba, wannan ruwa ya goge shi ya yi santsi, ba ya kama ɗan'uwansa. Daga wani kwari ake lodo nasu a manyan motoci. A zuba a akwatin katako, a jiƙa, a daddaɓe, a ɗora wani akwatin a kai, har ya zama ɗan tsauni. Sannan a fara cire katako daga sama ana sassaƙowa ƙasa. Abin da ka yanke ya tafi ke nan, ba a mayar da shi. Da ta tambaye shi me ya sassaƙa don gasar sassaƙar yashin da ake yi a Kornish, dariya ya yi ya ce, "Sai idonki ya gani."

To ga shi idon zai gani. Abin da ta kasa ganewa shi ne, me zai sa Thamer ya ɗauki mahaifinta ya kai shi kallon aikin abokin takararsa? Thamer ba ya alheri sai da dalili. Ta yi ta juya tambayar a mota tun daga Ruwais har suka fara jin ƙanshin teku, ba ta samu amsa ba.

*

Suna shiga ƙofar filin ta mance da Thamer.

Ita a zatonta irin tulin ƙasar nan za ta gani da yara ke yi da bokiti. Sai ga tsohuwar Jidda tsaye a gabanta, duk da yashi. Gidaje masu hawa-hawa da tagogin katako, har da 'yan ramukan da mata ke leƙe ta ciki. Can ga raƙumi ya durƙusa, leɓensa na ƙasa ya saki yadda suke yi in sun gaji. Gefensa wani kifi ne da ya fi mota girma, an fitar masa da ɓawo ɗaya bayan ɗaya. Ta saki keken guragun da take tura Sitti a ciki, ta sunkuya ta leƙa ta ƙarƙashin igiyar da aka kewaye shi da ita, tana neman inda aka ɓoye ƙarfe ko siminti. Ba ta gani ba.

"Ke, za ki bar ni in gangara teku ne?" in ji Sitti.

"Ma'alesh, yi haƙuri, Sitti. Dubi kan raƙumin, kin ga 'yar wayar da aka soka? Don tsuntsaye ne, kar su sauka su yi ɓarna. Kuma kin ga mutumin can mai fesa ruwa? Da ɗan gam a ciki, shi ke hana iska kwashewa."

"Wa ya faɗa miki?"

"Ke ba barci kike yi ba in ana wayar?"

Tsohuwa ta murguɗa baki. Da suka iso gaban wani ƙaton jirgin ruwa da aka ce na alhazan da ne, ta ɗaga sandarta ta nuna shi da raini.

"Wanda ya yi wannan bai taɓa shiga ba. Namu da ya ƙetaro da mu daga Sawakin, ina 'yar budurwa, mu da awaki muka kwana. Ina amai? Ina ƙwari? Wannan ai jirgin amare ne."

Alhaji yana biye da su, hannu a goye, yana ta istigfari ƙasa-ƙasa, amma idonsa bai bar ko ɗaya bai kalla ba. Abin da ya ɗan kwantar masa da rai, mutanen da aka sassaƙa duk an bar fuskokinsu sumul kamar bayan ƙwarya, ba ido ba hanci.

"To, da sauƙi," ya ce. "Aƙalla akwai mai tsoron Allah a cikinsu."

"Ya Ammi, ai ba ka ga komai ba," in ji Thamer, murya kamar zuma. "Mafi kyawun yana can ƙarshe, inda mutane suka taru. Jiya Raghad ta zo, ta ce lallai sai kun gani da idonku."

Raghad ƙanwarsa ce, ƙawar Bayan tun suna makaranta. Ta san Bayan kamar yunwar cikinta, amma tun jiya ko saƙo ba ta turo ba. Wannan ma ya tsaya wa Bayan a rai.

Suka kutsa cikin taron. Thamer na gaba yana buɗe musu hanya.

Mace ce aka sassaƙa, ta ninka mutum girma, sabuwar sauka daga jirgi. Tana zaune a kan ƙullin kayanta a bakin tasha, mayafi ya rufe mata kai, ta ɗan waigo kamar an kira sunanta. Ita kaɗai ce a duk filin take da fuska.

Da farko Bayan ta ji dai kamar ta san matar. Wata 'yar'uwarsu ce? Wata da ke zuwa sayen magani? Ta matsa har cikinta ya taɓa igiya. Sai ta ga ɗan tabon da ya raba girar hagu biyu. Sai ta ga leɓen ƙasa a cije ta gefe ɗaya, irin cijewar mai danne dariya.

Ranar shofa, hannun Hashim ya yi ta rawa har ya zubar da lemo a gwiwarsa. Haka ta cije leɓe ran nan.

Ta kai yatsa ta taɓa girarta ta cikin niƙabi. 

Kunya ta lulluɓe ta, wannan ba musu. Amma in za a faɗi gaskiya, akwai abin da ya riga kunyar isowa, son kallo ne. Ba ta taɓa ganin kanta daga gefe ba, madubi gaba da gaba yake nuna mutum. Ashe haka hancinta yake? Ashe akwai wannan ɗan lotsawar a ƙasan kuncinta? Zaman da bai kai a shanye kofin lemo ba, mutumin nan ya kwashe duk wannan ya tafi da shi a ka? Ta ji tana son ta zagaya ta ɗaya gefen ta ga yadda take daga can.

Wani saurayi ya jingina da igiya, ya ɗaga waya ya ɗauki kansa da matar, ya ce wa abokinsa da Larabci, "Wallahi in akwai mai irin fuskar nan, yau zan tura a tambayo min ita."

Nan ne Sitti, wadda ta gama gyara gilashinta, ta ƙwala da muryar masu nauyin kunne.

"La ilaha illallahu! Abdu, wannan ba Ba..."

"Ummi!" Alhaji ya sunkuya da sauri har hularsa ta kusa faɗuwa. "Don girman Allah ki yi shiru."

Wasu mata biyu da ke gefe, waɗanda daga ɗaurin gyalensu ka san 'yan umara ne daga Kano, suka waigo tare. A Jidda Hausa ba ta ɓoye sirri, duk inda ka juya akwai kunnen da ke jin ta.

Bayan ta dubi mahaifinta. Jijiyar goshinsa ta tashi, amma ba damar ɗaga murya. Duk taron nan ba wanda ya san fuskar wace ce, sai in shi ya tona da bakinsa. Ga wuta a ciki, ga dole a yi murmushi. Ta waiga wajen Thamer, ta tarar ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa kamar mai zaman makoki. Ta samu amsar tambayarta.

"Baba! Ashe kun zo?"

Hashim ne, tankin feshi a goye, yashi har gashin ido, baki har kunne. Ya sauke tankin ya durƙusa har ƙasa, ya gaida Alhaji, ya gaida Sitti. Ya saci kallon baƙin niƙabin da ke bayan keke, ya ƙara washe baki. Bawan Allah jira yake a yaba masa.

"Tashi," in ji Alhaji ta tsakanin haƙora. "Biyo ni."

*

A bayan jirgin yashin suka laɓe, inda ba mutane sai tiyon ruwa da tarin katako. Bayan ta turo Sitti ta bi su, ba wanda ya kula ya hana ta.

"Na shigar da kai falona," Alhaji ya fara, murya ƙasa-ƙasa. "Abin da maƙwabcina na shekara da shekaru bai taɓa gani ba, na nuna maka. Ka san me ake kiran wannan? Amana. Wanda ya yi shofa, ko uwar da ta haife shi ba ya siffanta wa abin da ya gani sai da kunya. In auren bai yiwu ba, ya haɗiye ya mutu da shi. Kai kuma ka ɗauko ka kafa a bakin teku, kowane ɗan iska na ɗauka a waya!"

Murmushin Hashim ya dushe a hankali. Ya dubi Alhaji, ya dubi Sitti, kamar wanda aka yi wa magana da yaren da bai iya ba.

"Baba, wallahi ban... ai ba wanda ya san ita ce. Mu a can gida, in mutum yana son yarinya, har a jikin mota..."

"Nan ba can gida ba ne!"

"Girmamawa na nufa, Baba. Na rantse da wanda raina ke hannunsa."

"Girmamawa." Alhaji ya yi wata dariya marar daɗi. "To ji nan. Kafin a kira magariba fuskar nan ta bar wurin. In ta bari, sai mu ga abin da ya rage tsakaninmu. In ba ta bari ba, halas, magana ta ƙare, kar in ƙara ganin ƙafarka a Ruwais."

Hashim ya sake durƙusawa, wannan karon ba gaisuwa ba ce, roƙo ne.

"Baba, gobe alƙalan gasa za su zo. Meshari, kafilina, a kanta ya ɗora ransa. Tun ranar farko ya tara mu ya faɗa, duk wanda aikinsa ya lalace ta hannunsa ko ta hannun wani nasa, ba kora kawai ba, takardar fita daga ƙasar zai buga masa ta ba dawowa. In na taɓa ta, kafin wata ya ƙare ina Zariya. Ka ba ni zuwa jibi, in sun wuce..."

"Fuskar 'yata ta kwana biyu a titi don alƙalai su ba ta maki?"

"Ya Ammi, kar ka sa wa kanka hawan jini," in ji Thamer, wanda ya lallaɓo ba a ji zuwansa ba. "Baƙo ne, bai san al'ada ba, ba laifinsa ba ne. Sai dai wanda bai san ƙofar gida ba, ina zai san abin da ke ɗaki? Ni dai ka san inda nake."

Alhaji ya juya musu baya. Ya kaɗa riga ya koma wajen wani benci ya zauna yana fuskantar teku, Thamer ya bi shi.

Aka bar su uku. Sitti ta lumshe ido, ta karkatar da kai, nan take barcin nan nata ya zo.

"Me ya sa?" in ji Bayan. Ba ta so ta yi kuka ba, amma muryar ta ci amanarta. "Hashim, me ya sa?"

"Tsoro na ji," ya ce, bai ɗago ba. "Wata na farko ina rufe ido ina ganinki sarai. Da aka yi nisa, wata rana na tashi na nemi yadda girarki take na rasa. Bayan, hankalina ya tashi. Baba ya hana hoto, ya hana gani. Da na hau kan yashin nan, niyyata in bar ta sumul kamar na kowa. Na ce bari in gwada girar kawai in ga ko hannuna ya riƙe abin da kaina ya saki. Daga gira sai ido. Ban san lokacin da na kai haɓa ba."

"Ba ka yi tunanina ba?"

"Ke kaɗai nake tunani."

"A'a, fuskata kake tunani!" Hawaye suka jiƙa niƙabin har ya manne mata a kunci. "Ka san faɗan da nake yi a gidanmu saboda kai? Kullum sai an tuna min 'ya'yan da ban haifa ba, wai zan jefa su layin iƙama. 'Yan'uwan Abuya sun daina amsa gaisuwata. Ina ce musu Hashim mai hankali ne, Hashim ya san mutunci. Yau ka ɗauki wuƙa ka miƙa wa Thamer da hannunka."

"Ki yafe min."

"In na yafe, Abuya fa?"

Shi ma sai ga hawaye, suna yin hanya a cikin yashin da ke fuskarsa. "In na rushe ta, a kore ni, na rasa ki. In na bar ta, Baba ya kore ni, na rasa ki. Faɗa min wacce zan ɗauka, wallahi ita zan yi."

Ta juya ta dubi teku. Rana ta yi ƙasa, ta fara ja a kan ruwa. Can nesa wani jirgin kaya ya yi kuka yana neman shiga tasha.

"Tana da kyau," ta ce a hankali, tana jan hanci. "Haushin da nake ji ke nan. Da ka yi ta mummuna da na samu sauƙi." Ta goge ido da gefen mayafi. "Gam ɗin nan da kuke fesawa, har ciki yake shiga?"

"A'a, sama-sama ne, kamar ɓawon ƙwai. Ciki yashi ne zalla." Ya ɗago da sauri. "Me ya sa kike tambaya?"

"Ka ce kai ko wani naka."

"Eh."

"Ni taka ce?"



"Abuya bai ba ka ni ba," ta ce. "Watanni ina kuka a kan haka. Yau dai ya yi rana."

"Bayan, tsaya! Bayan!"

Ina, ta riga ta zagaya jirgin.

*

Ba ta yi gudu ba, don kar a tare ta. Ta ratsa taron a nutse, ta ɗaga igiya ta sunkuya ta shige. Ta taka ƙullin kayan matar, yashin ya ɗan nutse a ƙarƙashin takalminta, ta hau har suka yi ido da ido.

Daga kusa ta ga har gashin girar ya ja ɗaya-ɗaya da tsinke. Zuciyarta ta karye. Ba wanda ya taɓa kallonta haka, kuma ta san ba za a ƙara ba. Ta ɗan tsaya ta ƙare wa kanta kallo, ta gefen da ba ta samu gani ba ɗazu.

Sannan ta ce bismillah, ta kafa tafuka biyu a goshin, ta danna, ta jawo ƙasa.

Ɓawon ya fashe. Ido, hanci da leɓen nan da aka cije suka zubo mata a ƙirji, sanyi-sanyi, da sauran danshi. Taro ya ɗauki salati. Wayoyin da ke kallon matar yashi duk suka juyo kanta.

Masu gadi biyu suka iso suna busa usur, amma ba wanda ya yarda ya taɓa mace, sai suka tsaya suna yi mata ihu ta sauko. Ta sauko da kanta. Kafin ta kaɗe abayarta, wani gajeren Balarabe mai tumbi ya keto taron, jan rawaninsa ya karkace, yana haki. Meshari ke nan. Ya dubi matarsa ta yashi da ba fuska, ya dafe kai da hannu biyu.

"Ku kira shurɗa! Yanzun nan! Wace ce wannan? Mahaukaciya ce? Ina waliyyinta?"

Jin an ambaci 'yan sanda, Alhaji ya iso da sauri. Mai zama da iƙama ba abin da yake gudu kamar sunansa ya shiga ofishinsu, balle 'ya mace, a saka ta a mota a gaban jama'a. Ya kama hannun Meshari yana ba shi haƙuri da Larabcin da ya fi na Mesharin daɗi, amma mutumin ko kallonsa bai yi ba. Alhaji ya waiga ya jawo Thamer.

"Ga ɗana nan, ɗan ƙasa ne, a tasha yake aiki. Zai tsaya mata."

Meshari ya dubi farar rigar sama da ƙasa. "Mece ce ita a wurinka?"

Thamer ya dubi wayoyin da aka ɗaga ta kowane gefe. Ya tuna ofishinsa mai sanyi. Ya gyara wuyan riga.

"Maƙwabta ne," ya ce. "Rako su kawai na yi."

Alhaji ya saki hannunsa a hankali.

"Ranka ya daɗe, a bar maganar shurɗa." Hashim ne ya shigo tsakiya, ya tsaya tsakanin Bayan da wayoyin mutane, ya buɗe kafaɗu ya kare ta. "Aikina ne. Ni na yafe."

"Kai ka yafe? Yashinka ne?" Meshari ya ƙanƙance ido, ya dube shi, ya dubi niƙabin da ke bayansa. "Tsaya tukuna. Ka san ta? Ji nan, Hashim, ni ba na kai iyalin ma'aikatana wurin hukuma, ba tarbiyyata ba ce. In taka ce, magana ta dawo tsakanina da kai, kuma ka san abin da na faɗa. In ba taka ba ce, matsa ka ba ni wuri, mota na zuwa."

 Hashim ba shi da ikon amsawa, ba a ba shi ita ba. Ya juya ya dubi Alhaji.

"Abuya, a'a," in ji Bayan da Hausa, tana girgiza kai, kuka ya ci ƙarfinta. "Kar ka faɗa. Bari su tafi da ni, kwana ɗaya ne, tara ce za a ci mu. In ka faɗa korarsa za a yi. Abuya, don Allah!"

"Baba, faɗa masa," in ji Hashim.  "Kar ka bari ta shiga motar nan. Ko ba ka nufin ba ni, faɗa masa kawai. Ba zan riƙe ka da maganar ba."

Alhaji Abdulghaffar ya daɗe yana kallon saurayin nan mai yashi a gashin ido. Daga wani masallaci da ke kan ruwa aka fara gyara lasifika don kiran magariba. Ya cire hularsa, ya share goshi, ya mayar.

"Ni ba na magana biyu," ya ce da Hausa. Sannan ya juya ga Meshari, ya ɗaga murya yadda duk mai waya zai ɗauka. "'Yata ce, kuma na ba shi ita. Matarsa ce in Allah ya yarda. Ku shaida."

Can baya aka ji Sitti, wadda barcinta ya watse, ta rangaɗa guɗa ita kaɗai.

Maganar da Bayan ta yi watanni tana roƙo a kan sallaya ke nan, yau ta fito a gaban jama'a, da shaidu fiye da yadda ake bukata. Ta tsaya da yashi cike da tafukanta, ta kasa ko motsi.

Meshari ya ɗaga wa masu gadi hannu su bar kiran. Ya gyara rawaninsa tsaf.

"Mabruk, ango," ya ce, ba alamar dariya a fuskarsa. Ya miƙa wa Hashim tafin hannu. "Kawo iƙamarka."